Kambun Ɗanasabe

Mai haɗa waya: Funtuwa, ga Malumfashi a kan layi. Malam, yi magana, an ɗauka.

Hadi: Salamu alaikum. Asibiti ne? Sista Tabita nake nema, ta ɗakin haihuwa.

Tabita: Ita ke magana. Wa ke nan?

Hadi: Hadi ne.

Tabita: Wane Audi?

Hadi: Hadi. Hadi na Mabai, wanda kuka yi firamare tare a Faskari.

Tabita: Hadin da ya sha tawada?

Hadi: Shekara ashirin ke nan fa, Tabita.

Tabita: Ni dai har yau da baƙin baki nake tuna ka. Malam Hadi, barka da rana. Ina gajiya?

Hadi: Ba gajiya. Ina aiki?

Tabita: Da godiya. Yaya gida, yaya Suwaibatu? Ta sauka?

Hadi: Ta sauka tun watan jiya. Mace aka samu.

Tabita: Madalla, Allah ya raya. Shi ne ba ku kawo mani ita ba, kuka kai wa wasu?

Hadi: Ba ta ba mu dama ba. Kafin in tada babur an gama.

Tabita: Yaya Hajiya da ƙafar tata?

Hadi: Da sauƙi. Yaya maigidan, yaya yara? Yaya ruwa a wajenku?

Tabita: Ruwa ya yi gyara. Gyaran har ya kai ga katangar bayan gidanmu, tana nan kwance. Kai kuwa mi ya kai ka Malumfashi ran Juma'a? Ba a Tudun Marke aka ce kake ba, sabuwar sakandaren nan ta wajen Ƙanƙara?

Hadi: Can nake. Mu ba mu da waya, shi ya sa na zo gidan waya. Awa biyu ina kan benci kafin a samo ki.

Tabita: Ba wanda zai yi awa biyu a kan benci don ya tambaye ni ruwa. Ɗanasabe ne?

Hadi: Lafiyar shi lau. Da safe na gan shi yana shan koko.

Tabita: Ban tambaye ka koko ba.

Hadi: Sunanki ne a takardar shi, wajen mai kula da yaro. Ke ce gwaggon shi ko?

Tabita: Ni ce. Uban yana Legas yana jan tirela, sai shekara-shekara muke ganin shi. An kori yaron ne?

Hadi: Ba a kore shi ba.

Tabita: To kai mi kake koya mashi?

Hadi: Ba na shiga ajinsu. Ni ne malamin shawara.

Tabita: Malamin shara?

Hadi: Shawara. Ko da yake sharar ma ina taɓawa. Sabon aiki ne, bara aka tura mu kwas Zariya. An ce kowace makarantar kwana ta samu mutum ɗaya wanda yaro zai je wajen shi ba don bulala ba. Yara ɗari takwas ne a wajenmu, malamai goma sha shida, huɗu daga ciki ba su jin Hausa. Aka ba ni ɗaki kusa da sito, na kafa akwati a bakin ƙofa. Duk wanda ke da maganar da ba zai iya faɗi da baki ba, ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba.

Tabita: Suna jefawa?

Hadi: Wata ukun farko ɓawon gyaɗa ne da zagin mai dafa abinci. Yanzu sun fara yarda. Jiya da yamma na buɗe, na samu takarda a kan Ɗanasabe.

Tabita: Mi ya yi?

Hadi: Kin san kambun da ke damtsen shi na hagu?

Tabita: Ina ji.

Hadi: Ya faɗa wa yara cewa maganin tauri ne. Ƙarfe ba ya cin shi. Halo? Tabita, kina nan?

Tabita: Ina nan. Ci gaba.

Hadi: Abin tun bara ne, yana aji ɗaya. Manyan sun sa shi gaba, ɗebo ruwa, wanki, ɗan arna kaza, ɗan arna kaza. Akwai wani Barau, yanzu yana aji biyar, shi ke riƙe da makullin siton kayan aiki. Wata rana ya ɗaga bel zai dake shi da wajen ƙarfen, sai Ɗanasabe ya naɗe hannun riga ya nuna mashi kambu. Ya ce shi jikan Gide na Ruwan Godiya ne, in Barau na son bel ɗin shi ya ajiye.

Tabita: Wanga yaro.

Hadi: Kuma aka samu yaran Faskari da na Sabuwa suka ce ƙwarai sun san Baba Gide, iyayensu sun ga wuƙa ta lanƙwashe a cikin shi wajen wasa. Daga ranar ba wanda ya sake taɓa Ɗanasabe. Har ƙananan suka koma ajiye akwatunansu a ƙarƙashin gadon shi. Barau kuwa shekara guda ana yi mashi dariya ƙasa-ƙasa. Yanzu an sa rana za a gwada, gobe Asabar.

Tabita: A gwada da mi?

Hadi: Langalanga. Ta yankan ciyawa. An wasa guda ɗaya, na gan ta.

Tabita: Ku kama Baraun ku kore shi yau. Mi kuke jira?

Hadi: In an kori Barau akwai goma a bayan shi. Kuma ba shi ya nemi gwajin ba. Ya dai ce ƙarya ne a gaban mutane, Ɗanasabe ne ya ce a sa rana.

Tabita: Shi da bakin shi?

Hadi: Shi da bakin shi. Jiya na kira shi, na rufe ƙofa, mun yi fiye da awa. Ban taɓa ganin yaro mai kwanciyar hankali irin tashi ba. Da tsoro yake ji da na samu inda zan kama. Ba ya jin komi, tausayi na ma yake ji.

Tabita: Ka tuna mashi allurar sanƙarau. Ai an bi makarantu an yi. Ba ƙarfe ne ya shige shi ba?

Hadi: Na tuna mashi. Ya ce ta bindiga aka yi masu, kuma ya duba bakinta da kyau, ba tsinke a ciki, iska ce ke tura maganin.

Tabita: Kuma gaskiyar shi.

Hadi: Na ce askar wanzami fa, ba ta taɓa yanka ka ba? Ya ce maganin ya san ƙarfen da aka ɗaga da gaba, ya san na gyara. Na ce to ba ni kambun in ajiye maka. Ya ce in ina so in karɓa, ai ya riga ya shiga jini.

Mai haɗa waya: Minti uku sun cika. Za a ci gaba?

Hadi: A ci gaba. Tabita, abin da ya kawo ni ke nan. Ni ba zai ji maganata ba, a wajen shi ni ɗan boko ne da ban san komi ba. Mutum ɗaya ne zai ce mashi bari ya bari, wanda ya ɗaura mashi. Ki taimaka ki je Ruwan Godiya yau, ki ɗauko Baba Gide, ku biyo motar farko gobe. Ko bai ce komi ba sai dai ya ce ba a wasa da magani, ya isa.

Tabita: Hadi.

Hadi: Na san hanyar ba ta da kyau, amma in kun bi ta Bakori...

Tabita: Hadi, Baba ya rasu. Yau kwana ashirin da ɗaya.

Hadi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Ban ji ba wallahi.

Tabita: Da godiya. Ba za ka ji ba. Yaron ma bai sani ba. Dada, mahaifiyarmu, ta ce kada a aika, a bari sai ya zo hutu, don a ɗakin tsohon ya tashi, ko makwanci ba su raba ba sai da zai tafi makaranta.

Hadi: Jiya yake ce mani in ya je hutu zai sa kakan shi ya yi mani nawa.

Tabita: Ina firinsifal ɗinku a duk wanga abu?

Hadi: Yana Kaduna taro, sai Laraba. Mataimakin ne ke nan. Na faɗa mashi da safe, ya ce ai abu mai sauƙi ne. Ran Litinin a asambule zai yi wa su biyun bulala goma sha biyu-biyu, ya yanke kambun, ya farke shi a gaban makaranta kowa ya ga ba komi a ciki.

Tabita: Ya farke?

Hadi: Haka ya ce. Na ce mashi in an yi haka sai dai su koma daji su yi inda ba mu gani, amma...

Tabita: Kada ka bari. Hadi, ko za a kore ka daga aiki kada ka bari a farke kambun nan a gaban yara.

Hadi: Mi ke ciki?

Tabita: Akwai mutane kusa da kai?

Hadi: Ina cikin ɗan ɗakin waya, ƙofa a rufe.

Tabita: Kwaɗo ne.

Hadi: Kwando?

Tabita: Kwaɗo. Na ruwa. Busasshe.

Hadi: Kwaɗo kuma? Ai kwaɗo na...

Tabita: Faɗi mana. Kai ma ka sani, kuma duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya sani. Na masu fitsarin kwance ne.

Hadi: Ɗanasabe?

Tabita: Har ya gama firamare bai daina ba. Mun yi na asibiti, mun yi hana ruwa da yamma, mun yi tashin shi da dare. Da takardar shi ta fito aka ce makarantar kwana, Dada ta kwana uku ba ta ci abinci ba, tana cewa za su kashe mata shi da waƙa. Ita ta kama kwaɗon a bayan rumbu, ta shanya, ta naɗe a ƙyalle. Ni na kawo shi nan Funtuwa wajen baduku, don kada na garinmu ya gane. Ni da na yi karatun asibiti, ni na tsaya a kan shi har ya ɗinke.

Hadi: To ina tauri ya shigo?

Tabita: Yaron ya ƙi. Ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce gara ya mutu da ya ɗaura. Ranar tafiya mota na jira a bakin hanya, yana kuka, Dada na kuka. Sai Baba ya kira shi zaure, ya ce wancan na mata an zubar, wannan nawa ne, na ƙarfe, ban taɓa ba kowa ba sai kai. Ya ɗaura mashi da hannun shi. Yaron ya fito yana tafiya kamar an ƙara mashi tsawo. Mu kuwa muka yi dariya a ɗaki, muka ce tsoho ya iya. Ba wanda ya kawo cewa za a kai nan.

Hadi: Baba Gide bai taɓa ba shi komi na tauri ba? Ko sha, ko wanka?

Tabita: Ko ɗigo. Ya ce duk wanda ya ba a gidan nan sai da ya jawo faɗa. Ya rantse da shi za a binne abin, kuma da shi aka binne.

Hadi: Wato yaro zai miƙa hannu ga langalanga da kwaɗo a damtse.

Tabita: Na ɗinke irin wanga rauni, Hadi. Manoma na zuwa mana da shi. In ta samu cikin hannu kafin a kawo mutum daga Ƙanƙara jini ya ƙare.

Mai haɗa waya: Malam, akwai mutum huɗu a bayanka.

Hadi: Ki yi haƙuri, maganar rai ce. A ci gaba.

Tabita: To ji nan. Mu karya shi.

Hadi: A'a, ba zan yi mashi ƙarya ba.

Tabita: Karya na ce, ba ƙarya ba. Karya magani. Kowane maganin tauri yana da abin da ke karya shi, wani kuɓewa, wani tsallake turmi. Mi ake ba su a makaranta da ba a ci a gida?

Hadi: Kifin gwangwani, ran Laraba.

Tabita: Shi ke nan. Ka ce mashi ka yi waya da gida, an ce kifin gwangwani na karya shi, tun bara ya karye. Ya janye, ba wanda ya ji kunya.

Hadi: Ashe layin bai yi kuskure ba. Abin da na ji da farko shi kika faɗa.

Tabita: Kai ka zaɓa, ƙarya ko gawa.

Hadi: Ki saurare ni. In na ce kifi ya karya shi, ai na ce mashi da can yana aiki ke nan. Hutu na zuwa zai nemi wanda zai sabunta mashi, ga Baba ba ya nan, sai ya faɗa hannun duk wanda ya samu a kasuwar Sabuwa. Ya dawo ya daina cin kifi, ya sake sa rana. Wannan karon kuma ba wanda zai jefa mani takarda.

Tabita: Don mi?

Hadi: Don yara na gane ƙarya, ko ba yau ba. Ni ba ni da bulala, ba ni da maki da zan rage wa kowa. Abu ɗaya ne ke sa yaro ya tsallake abokan shi ya jefa takarda a akwatin nan, ya san abin da na faɗa haka yake, abin da ya faɗa mani kuma ba zai ji shi a bakin wani ba. Ran da wannan ya tafi, sai in cire akwatin in koma koyar da tarihi.

Tabita: Akwatinka kake ji. Ni yaron nake ji. Ka san mi za ka ɗauke mashi? A rana ɗaya za ka ce mashi ƙarfe na cin ka kamar kowa, kakanka ya yaudare ka, kuma shekara biyu kana yawo da kwaɗo kana nuna wa mutane. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu. Da mi zai koma ɗakin kwana?

Hadi: Ba ɗakin kwana zan faɗa wa ba, shi zan faɗa wa. Abin da zai ce wa Barau daban ne. Zai ce Malam Hadi ya karɓe kambun ya kulle a durowa, ya ce duk wanda ya sake maganar gwaji da shi zai yi. Kuma gaskiya ne, don haka zan yi. Su zage ni, shi ne aikina.

Tabita: Barau zai yarda?

Hadi: Barau neman hanyar fita yake. Na zauna da shi shi ma. Saura wata biyu ya yi jarrabawar fita, uban shi ya sai da sa biyu a kan karatun nan. Ya tambaye ni, Malam, in da gaske ne langalangar za ta karye ko? Yana so ta karye, Tabita. Shi ma da yana aji ɗaya an kafa mashi dutsen guga a baya, ya nuna mani tabon. Yara biyu nake so in fitar, ba ɗaya ba.

Tabita: Ni ɗaya na sani.

Hadi: Na yarda. In tambaye ki wani abu. Da yake zuwa hutu, yana yi har yanzu?

Tabita: Yin mi?

Hadi: Abin da aka ɗaura kwaɗon domin shi.

Tabita: Ban sani ba. A ɗakin Baba yake kwana, Baba kuwa ko an yanka shi ba zai faɗa ba.

Hadi: To ni na sani. Duk Asabar ana duba katifu. Yara bakwai ne a makarantar nan ke da wannan lalura, na san su ɗaya bayan ɗaya, na raba su kusa da ƙofa, na samo masu leda ba wanda ya sani. Ɗanasabe ba ya cikinsu. Ko sau ɗaya.

Tabita: Ko sau ɗaya?

Hadi: Shekara biyu.

Tabita: Ka bari in zauna. Dada za ta so ta ji wanga.

Hadi: Da shi zan fara. Zan ce mashi tsohon ya ba ka magani, kuma ya yi aiki, suna kawai ya canza mashi don ya san halinka. Amma ni kaɗai ba zai yarda ba. Zai ce mataimaki ne ya turo ni. Ki zo gobe ki zauna, ni in yi magana, ke ki ce haka ne.

Tabita: Ina da aikin safe, amma zan roƙi Barakatu ta riƙe mani. Ƙarfe nawa suka sa?

Hadi: Ba su sa ƙarfe ba, kuma su biyun sun ƙi faɗa mani komi a kan lokacin. Amma ran Asabar da safe suna hawa tudun bayan makaranta yankan ciyawa, kowa da langalanga a hannu, su sauko wajen goma. Shi takardar ke nufi. Na riga na sa an soke aikin gobe, na karɓe makullin sito, yana aljihuna. In kin iso ƙarfe tara ya yi.

Tabita: Wadda aka wasa tana cikin siton?

Hadi: Ba ta ciki. Na gan ta shekaranjiya a hannun wani, da na koma nema an ɓoye. Ita nake so in nema yau da la'asar.

Tabita: Wa ya rubuto takardar?

Hadi: Ban sani ba, kuma ba na nema. Da hannun hagu aka rubuta don kada a gane, da fensir. Ga ta nan ma a aljihuna.

Tabita: Karanta mani.

Hadi: Layi ɗaya ce. Malam za a gwada tauri ran asabe bayan an sauko.

Tabita: Sake.

Hadi: Za a gwada tauri ran asabe bayan an sauko.

Tabita: Ran mi?

Hadi: Ran Asabar. Yaron ya kuskure ƙarshen kalmar ne, rubutun hagu...

Tabita: Wa ke ce wa Asabar asabe? Ka taɓa jin wanda ya ce sai ran asabe? Asabe sunan mutum ne. Duba harafin farkon da kyau.

Hadi: Fensirin ya goge wajen ninki. Akwai ɗan tsayi a saman shi, na ɗauka...

Tabita: Da ne ko ra?

Hadi: Zai iya zama da.

Tabita: Ɗan asabe. Sunan yaron ya rubuta maka, ba rana ba. Za a gwada taurin Ɗanasabe bayan an sauko.

Hadi: To ai ko haka ne, saukowa daga tudu...

Tabita: Hadi, ni da nake zuwa coci ni zan faɗa maka? In an ce bayan an sauko ba a ƙara komi ba, daga ina ake saukowa?

Hadi: Masallaci.

Tabita: Yau wace rana?

Hadi: Subhanallahi.

Tabita: Wa ke makaranta in an tafi Juma'a?

Hadi: Ba kowa. Sai Ɗanasabe da 'yan uwan shi Kirista da ba su zuwa masallaci, su talatin. Malamai daga masallaci gida suke wucewa cin abinci, yara su dawo su kaɗai. Ba malami a ɗakin kwana sai la'asar. Na rubuta wa firinsifal a kan awa biyun nan har sau biyu.

Tabita: Ba ko mutum ɗaya?

Hadi: Ba'indiyen da ke koyar da lissafi, kuma barci yake. Ni ne ke zagayawa ran Juma'a. Yau na ce zan yi salla a nan.

Tabita: Sun san ka fito?

Hadi: Duk makaranta ta ji tashin babur ɗina.

Tabita: Ƙarfe nawa yanzu a wajenka?

Hadi: Ɗaya da minti ashirin da biyar. Ana tada salla biyu, a sauko biyu da kwata, su tako zuwa makaranta, biyu da rabi. Minti arba'in ne in gadar da ake gyara ba ta cika da ruwa ba. In ta cika sai na zagaya.

Mai haɗa waya: Malam, zan karɓi layin, Kano na jira.

Tabita: 'Yar uwa, minti ɗaya don Allah. Hadi, tsaya, kada ka ajiye. Ba ni nan, ba zai yarda da kai ba. Ji abin da za ka ce.

Hadi: Yi sauri.

Tabita: Kada ka farke da hannunka. Ka ja shi ɗakinka, ka rufe ƙofa, ka ba shi reza ya farke da kan shi. Kafin ya farke ka faɗa mashi abin da zai gani. Ƙyalle ne baƙin saƙi mai farin layi, an ɗaure da jan zare ƙulli uku. Daga zanen goyon Dada aka yaga, wanda ta goye shi da shi, har yau yana ɗakinta da gefen a yage. Ya san shi. In ka faɗa kafin ya gani, zai san daga gida maganar ta fito.

Hadi: Baƙin saƙi, farin layi, jan zare.

Tabita: Ƙulli uku. Ka ce Gwaggo Tabita ce ta kai wa baduku, in zai yi fushi ya yi da ni.

Hadi: In ya tambayi Baba fa? Zai ce a kai shi ya ji daga bakin shi.

Tabita: Ka ce...

Hadi: Ba zan ce yana nan lafiya ba, Tabita.

Tabita: Na sani. Ka ce gwaggonka na hanya, ita za ta ba ka labarin gida. Wannan nawa ne, ba naka ba. Yanzu zan cire farin kaya in tafi tasha, ko motar shanu ce zan hau. Kuma in ka tarar an riga an... ka ɗaure sama da wajen da ƙyalle, ka matse sosai, ka ɗaga hannun sama, kada ka bari su zuba ƙasa ko toka. Ka ji? Sama da wajen, ba kan shi kaɗai ba. Hadi? Halo? Hadi, ka ji abin da na ce?

Mai haɗa waya: Funtuwa, kin gama? Mutumin naki ya fita, ko kan wayar bai mayar ba, ga shi can yana lilo.

Tabita: Ya ji na ƙarshen?

Mai haɗa waya: Ban sani ba. Na dai ji tashin babur. Zan ba Kano layi.